Ƙullin da Ya Faɗo a Toranke

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Rukayya gidan mijinta a Toranke ba, kuma ko na so in manta, akwai masu tuna mini. Har yau idan na shiga taron biki ko suna, sai in ga mata suna ƙus-ƙus suna satar kallon haɓar zanina. To, tunda an ga dama an mai da ni tatsuniya, gara labarin ya fito daga bakina. Ni ban zauna gaban allo ba balle benci, Bilkisu matar ɗana ce take rubuta mini. (Na gaya mata, duk abin da ta rage ko ta ƙara, zan kai wani gida a karanta mini, kuma za ta ji a jikinta.)

A Kademi kowa Gwaggo yake ce mini, har waɗanda ban haɗa komai da su ba. An san ni da ido. Yarinya ta wuce da ɗankwali a karkace, na gani. Amarya ta wanke cikin tukunya ta bar gindinta da baƙi, na gani. Abin da ya fi tsone mini ido kuwa shi ne gaisuwar 'yan matan yanzu, 'yar rusunawar nan da suke yi kamar kaza za ta tsinci tsaba. Mu a zamaninmu har ƙasa ake kaiwa, a zauna a kan dugadugai sai babba ya sallame ka, sannan ka miƙe tsaf ba dafa ƙasa ba nishi. A kan haka na raini Rukayya, 'yar ƙanena, wadda aka ba ni riƙonta tun daga yaye.

Asalin abin daga ƙeyata ya fara. Ciwo ne yake riƙe ni da safe, kunnuwana su yi ta shuu kamar ana ruwa a kan kwano. Ɗana ya matsa, ya ɗauke ni zuwa asibiti a Gaya. Can muka samu wata ma'aikaciya, Malama Hajara, doguwa mai yawan murmushin da ban roƙa ba. Ta naɗa mini wani ƙyalle a damtse, ya hau kumbura yana matse ni kamar mun taɓa faɗa. Ta duba, ta sake dubawa, murmushin ya ragu.

Ta ce, "Gwaggo, hawan jini ne, kuma ba yau ya fara ba."

Na ce, "Ni ba na sa damuwa a raina. Masu sa ni magana ne dai suka yi yawa."

Sai ta gyara zama ta ce, "Kin san tiyon da ake ban-ruwa da shi a fadama? Idan sabo ne, inji ya turo ruwa sai ya ɗan buɗe, ruwa ya wuce ya koma yadda yake. Haka jijiyoyin jinin yaro suke, da laushinsu, suna buɗewa suna tsukewa. Shekaru kaɗai suna sa su yi tauri. Idan kuma aka haɗa da jinin da ke dukansu da ƙarfi dare da rana, sai bangonsu ya yi kauri, hanya ta ƙuntata. Zuciya ta ƙara ƙarfin turi, turin ya ƙara ƙandarar da su, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Ranar da aka yi rashin sa'a, wata ta toshe ko ta fashe a cikin kai, shi ne kike jin an ce ɓarin jikin wane ya shanye."

Wato ni ce tsohon tiyo. Yarinyar da na tabbata na girmi uwarta ta zaunar da ni gaban ɗana tana kwatanta ni da kayan lambu da aka jefar a rana! Daga nan na toshe kunne ɗaya. Da ɗayan na ji sauran: ƙwaya kullum ko da ina jin garau, gishiri da dunƙule a rage sosai, sannan idan zan tashi in tashi a hankali, wai jijiyar da ta yi tauri ba ta saurin kai jini sama. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni haushi. Ni za a koya wa tashi? Ni da nake koya wa gari?

Malama "a rage" ta ce, kunnena ya ji. Amma ɗana, da yake ya fi likita sani, muna isa gida ya kafa doka: a daina. Bilkisu kuwa kamar jira take. Kafin ta sa gishiri da dunƙule a miya sai ta ɗebe tawa a wani ɗan kwano, ta kawo mini da ladabinta, "Gwaggo ga naki." Duk wanda bai taɓa cin tuwon dawa da miyar kuka lami ba, kada ya sa mini baki. Ruwan wankin tukunya ya fi ta daraja, shi aƙalla ya taɓa haɗuwa da gishiri.

Na yi haƙuri iyakar haƙurin ɗan Adam. Da na ga ina ramewa ana ce mini sauƙi ne, sai na nema wa kaina mafita. Wata ranar da Bilkisu ta tafi Islamiyya, na ɗebi gishiri, na murmushe dunƙule, na sa ɗan barkono da citta, na daka su luƙui. Na zuba a 'yar leda na ƙulle a haɓar zani, inda mata ke ajiye goro. In an kawo mini kwanona sai in ce a ɗaki zan ci, ba na son ƙuda. Can sai in kwance, in yi ɗan barbaɗi, in ci abinci irin na mutane. A waje kuwa har wa'azi nake yi wa tsofaffi 'yan'uwana: "Ku bar gishirin nan, ku dube ni."

Duk zuwa awo sai Malama Hajara ta kalli abin awonta ta kalle ni. "Gwaggo, bai sauka yadda nake so ba. Anya ba kya taɓa gishiri?"

Sai in ce, "Ga Bilkisu nan, tambaye ta ko ta taɓa sa mini ko ƙwaya ɗaya a miya."

Bilkisu ta dafa ƙirji ta rantse. Ku shaida, ni ban yi ƙarya ba. Amsar da na bayar gaskiya ce tsantsa, mai tambaya ce ba ta iya bin sawu ba. (Bilkisu, ajiye harara ki rubuta.)

Ana nan Rukayya ta kawo miji, wani malamin firamare ɗan Toranke, yaro mai kunya. Da bincike ya yi bincike sai ga shi ƙanin Malama Hajara ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidansu gidan malamai ne, irin gidan da ko turaren da ba a san asalinsa ba ba a kunnawa, balle a ji sunan boka. Na ji daɗi, na ce 'yata ta faɗa hannu nagari. Mutum ɗaya ce ba ta kwanta mini ba: Hajiya Kulu, gwaggon ango. Irin idona gare ta, shi ya sa tun ranar kawo lefe jininmu bai haɗu ba. Na ɗaga wata atamfa a rana na ce ta yi shara-shara, ita kuma ta riƙe abin. Gaskiya ce fa, ana hango bishiya ta cikinta.

Da satin biki ya kama, ni ce kan komai. Ni ce a bakin tukwane, domin in ka juya baya nama ƙafa yake yi. To ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan tana sa mutum zarya bayan gida kamar mai tsohon ciki. Ina zan bar tukunya a hannun matan unguwa in tafi? Na tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa na ce su jira a gama hidima. Kuma kowace tukunya aka sauke sai na ɗanɗana, domin ɗanɗano ba ci ba ne, aiki ne.

Ranar kai amarya na tashi ƙeyata kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Na zauna bakin gado na yi tunani irin na mai hankali. Azumi in ka sha, ramawa ake yi. Sallah in ta kuɓuce maka, ramawa ake yi. To ƙwaya ta fi su ne? Na ɗaga katifa, na tattara duk na kwanakin da na tsallake, na haɗa da ta ranar, na yi bisimilla na kora da koko. Har wani sanyi na ji a raina, irin na wanda ya sauke nauyi.

Kafin mota ta zo na yi sintiri bayan gida har ƙafata ta gaji. Na ce maganin wannan a daina shan ruwa, domin ni ba zan je gidan surukai ranar farko in ce a nuna mini bayan gida ba. Bazara ce, rana kamar ta sauko ta yi magana, amma ko kurɓi ban ƙara ba. Ciwon ƙeya kuwa ya tafi ɗif, jikina ya yi sakayau kamar auduga. Na ce a raina, ka ga amfanin ramuwa, 'yan asibiti ba komai suka sani ba.

Bayan la'asar muka isa Toranke, mota cike da mata har da Bilkisu, ana guɗa. Kamar yadda aka saba, kafin a shigar da amarya ɗakinta sai an kai ta gaban uwar miji an damƙa amana, kuma ni ce mai damƙawa. Tsakar gida ta cika maƙil. Uwar ango tana zaune a tabarma, dattijuwa mai sanyin magana, Hajiya Kulu a gefenta cikin wani farin leshi, an ajiye ƙatuwar ƙwaryar fura da nono ta baƙi a gabansu. Malama Hajara da kanta ta jawo kujera ta ce, "Gwaggo, zauna nan, kin sha hanya."

Na ce, "Kujera a gaban surukai? Mu ba a haife mu a wannan zamanin ba."

Na riƙo Rukayya cikin lulluɓinta, na kai ta ƙasa, ni ma na tsugunna har ƙasa a kan dugadugaina, dab da ƙwaryar nan. Niyyata in nuna wa Toranke daga wane gida yarinyar ta fito. Na gai da uwar ango, na gai da Hajiya Kulu, na gai da na ɗaki da na rumfa. Na tambayi gajiya, na tambayi zafi, na tambayi Malam uban ango da ɗalibansa, har dabbobi ban bari ba. Sannan na shiga damƙa amana: ga 'yarku nan, ta yi daidai ku yaba, ta karkace ku miƙar. Daga nan na zarce da nasiha, na ɗan taɓo 'yan matan zamani masu gaisuwar tsaye. Ƙafafuna sun daɗe da mutuwa ina ji, amma mata suna ta "haka ne, Gwaggo," wa zai tsaya?

Da na kai ƙarshe, shaiɗan ya ba ni wata shawara. Na dubi 'yan matan da ke tsaye na ce, "Ku buɗe ido ku ga yadda ake tashi gaban manya. Ba dafa ƙasa, ba nishi."

Na miƙe zumbur. Ni na miƙe, jinina bai miƙe ba.

Duhu ya taso daga gefen idanuna kamar ana rufe ƙofa, kunnuwana suka cika da kukan zuma, fuskokin mata suka narke. Na ji bakina yana cewa "kun ga ni ko," daga nan ban san inda nake ba. An ce na yi wani juyi kamar zan taka rawa, sannan na tafi gaba ɗaya, hannuna ya daki bakin ƙwarya, fura ta tashi ta sauka a kan farin leshin Hajiya Kulu. (Wannan ɓangaren kaɗai nake baƙin cikin ban gani ba.)

Da hankalina ya fara dawowa, abin da na fara ji sanyin ruwa ne a fuskata da salati ta ko'ina. Wata har tana cewa, "Ta cika, wallahi ta cika." Sai na ji ƙafafuna a sama. A sama! An kifa turmi an ɗora dugadugaina a kai, ni Gwaggon Kademi, a tsakar gidan surukai. Iska tana kaɗa mini kai, wato ɗankwali ya tafi, ga furfura a waje da kitson da hidima ta hana a ƙarasa, rabi a kitse rabi a tsefe. An sassauta mini zani. Muryar Malama Hajara tana cewa, "Ku matsa ku ba ta iska, da ranta. Jininta ne ya yi ƙasa."

Na yanke shawara nan take: ba zan buɗe ido ba. In ya so a ɗauke ni a haka a kai ni Kademi, in farka a ɗakina in ce ban san an yi ba.

Sai na ji muryar Hajiya Kulu. "Wannan fa? Mene ne wannan ya faɗo daga haɓar zaninta?"

Mata suka matso kusa. Na ji ƙarar ledata ana kwancewa. Gabana ya faɗi fiye da faɗuwar da na yi.

"Gari ne," in ji wata. "Ja-ja, baƙi-baƙi."

Hajiya Kulu ta tafa hannu. "Ai na faɗa muku! Matar da aka ba kujera ta ƙi, ta je ta tsugunna dab da ƙwaryar fura ta ƙi tashi, me take jira? Barbaɗe ne. An zo a zuba mana mu sha, a zuba wa yaro, a mallake gida gaba ɗaya. Allah ne ya kama ta. Gidan nan ba a shigo masa da ƙazanta a miƙe lafiya."

Uwar ango ta ce, "Kulu, a bi a hankali." Amma na ji muryar, sanyinta ya canja.

Bilkisu ta ce, "Wallahi Gwaggo ba ta bin boka, ko rubutun sha sai ta san wanda ya yi."

"To faɗa mana mene ne, ke da kike gida ɗaya da ita."

Bilkisu ta sunkuyar da kai, domin ba ta sani ba. Matan Kademi da muka zo tare, masu cin naman tukunyata, ko ɗaya ba ta buɗe baki ba. Wata daga dangin ango ta ce a aika zaure a gaya wa Malam. Wata ta ce a dakata da shigar da amarya ɗaki tukuna. Sai kukan Rukayya ya canja. Da kukan amarci take yi, irin na al'ada, mai ɗan shessheka. Yanzu kuka ne na gaske, wanda na sani tun tana goye a bayana.

Ina kwance ido rufe na auna abin. In na yi shiru, ko an bar yarinyar nan ta shiga ɗaki, ta gama cin abinci da mutunci a gidan nan. Duk tuwon da ta tuƙa sai an shinshina, mijinta ya yi mata alheri a ce ya sha, ya saya mata zani a ce aiki ne yake ci. In kuwa na yi magana, ga Malama Hajara a kaina, wadda na daɗe ina kallon tsabar idonta ina tura ta wurin Bilkisu. Ga tsofaffin da nake yi wa wa'azin gishiri. Wallahi na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar Toranke tauri gare ta, na riga na gwada ta da ƙuguna.

Na buɗe ido, ƙafafuna suna kan turmi, na ce, "Gishirina ne."

Aka yi ca a kaina. Hajiya Kulu ta sunkuyo, fura tana ɗiga daga mayafinta. "Me kika ce?"

"Na ce gishirina ne! Gishiri da dunƙule da barkono. A miya nake zubawa. Ba ni kayana."

"Lasa mu gani."

Na dangwala na lasa. Hajiya Kulu ta ce ai mai abu yana da makarinsa. Sai uwar ango ta miƙo hannu, ta yi bisimilla, ta dangwala ta kai baki, kowa ya zuba mata ido. Ta ɗan tauna, ta ce, "Gishiri ne da dunƙule." Ta ƙara taunawa. "Har da citta." Sannan ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suka fara rawa.

Shi ke nan, gida ya ɗauka. Dariya har da masu faɗuwa a kan tabarma. Hajiya Kulu ta dangwala ta lasa wai don ta tabbatar, sannan ta sake dangwalawa. Na gani. Ko a kwance nake, na gani.

Bilkisu kuwa ta riƙe ƙugu a kaina. "Gwaggo! Ni kika mayar mai rantsuwa a asibiti? Ni ina can ina tausayinki, har kuka na yi ranar da na ga kin cinye lami tas, na ce baiwar Allah ta saba!"

Na ce, "Rufe mini kai tukuna, sannan ki yi shari'arki."

Malama Hajara ba ta yi dariya ba. Ta tsugunna ta ce, "Gwaggo, gishiri hawa yake sawa, ke kuma naki ƙasa ya yi. Me kika sha yau?"

Tunda an riga an tsiraita kaza, me ya rage? Na faɗa mata maganar ramuwa, da hujjojina na azumi da sallah. Uwar ango, matar malam guda, ta share hawayen dariya ta ce, "Gwaggo, wannan fatawar a wane littafi take?" Aka sake kwashewa. Na ce littafin ciwon ƙeya, duk wanda bai karanta ba ya gode wa Allah.

Malama ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta ce, "Kin san kin kusa kashe kanki? Ƙwayoyin sun taru sun sauke ƙarfin jinin gaba ɗaya, ga ba ruwa a jikinki, ga zafi. Kin daɗe a tsugunne, jini ya taru a ƙafafu. Da jijiyoyin yarinya ne, tana miƙewa za su tsuke su tura shi sama nan take. Naki sun yi tauri, kafin su amsa kira kai ya riga ya rasa jini. Wannan ne na ce miki ki riƙa tashi a hankali."

Na ce, "Wato tsohon tiyo."

Ta ce, "Ke kika faɗa."

Aka ɗauke ni ranga-ranga aka sa a mota zuwa asibiti, aka yi mini ƙarin ruwa, aka tsare ni sai da suka gamsu. Jeren da na tsaya a kansa, kwanukan da na sa aka sake wa wuri har masu jere suka yi fushi, ban ga yadda amarya ta shiga ta same su ba. Amma motar tana fita daga layin na ji guɗa ta tashi a bayanmu, doguwa, irin ta shigar amarya ɗaki. Na rufe ido na ce alhamdulillahi. A kan wannan guɗar na sayar da mutuncin da na shekara da shekaru ina tarawa, kuma ban ce an cuce ni ba. Haushi dai ina ji har yanzu.

Abu ɗaya ya fito mini da riba. Malama ta zaunar da ɗana ta ce masa ita "a rage" ta ce, ba ta ce a azabtar da tsohuwa ba. Yanzu ana ɗan sa mini kaɗan, daidai yadda harshe zai san miya ce. Da tun farko an ji magana yadda aka faɗe ta, da wa zai daka gari a ɓoye? Amma wannan ba wanda yake ba da labarinsa. Ƙwaya kuwa kullum da safe Bilkisu take tsayawa a kaina sai na haɗiye, kuma duk zanin da za ta wanke sai ta kakkaɓe haɓarsa a tsakar gida, da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji. In zan tashi, sai na zauna tukuna, na motsa ƙafafu, na yi salati, na dafa bango. Baƙin da ba su san labari ba suna cewa tsohuwar nan akwai ƙasaita. Ina barinsu a haka.

Da Rukayya ta haihu muka koma Toranke suna. Ina shiga aka kawo kujera, ban jira an yi tayi na biyu ba. Da aka zo rabon abinci, Malama Hajara ta fito da ƙananan kwanuka biyu daban, ta ajiye ɗaya a gabana, ɗaya a gaban Hajiya Kulu. Ashe ita ma an naɗa mata ƙyallen. Muka kalli juna. Can sai ta ɗauki kwanonta ta ce ita a ɗaki za ta ci, ba ta son ƙuda. Tana juyawa na dubi haɓar zaninta. Akwai ƙulli, kuma ba girman goro ba ne. Na bi ta har ƙofa na ce a hankali, "Hajiya, in za ki tashi, ki dafa bango."

To ga abin da na koya, kyauta na ba ku, ni da ƙuguna na saya. Azumi ake ramawa, ba a rama ƙwaya. Jijiya in ta tsufa ba ruwanta da cewa kana gaban surukai, don haka in an ba ka kujera ka karɓa. Sannan duk abin da za ka ƙulle a haɓar zani, ka tabbata abin da za ka iya lasa ne a gaban jama'a, da ƙafafunka a kan turmi.